Ƙasar da Ta Cinye Irinta

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zuba mutane a kanta, ya saukar da ruwa bai nemi iznin kowa ba, nake buɗe bakina. Ni ne Nomau ɗan Korau, mutumin Tudun Maiwa, can bayan Tekun Yashi. Na keta ƙasashe tara, na hau tsuntsu, na tsaya gaban manyan duniya har sau biyu, na dawo gida da buhu huɗu na kashin jimina. Wanda abin ya ba shi dariya ya yi abarsa, ni ma na yi tawa, amma sai da aka daɗe.

Tudun Maiwa ƙaramar ƙasa ce. In ka bar iyakar gabas da hantsi, a iyakar yamma za ka yi la'asar. Gero muke nomawa tun kaka da kakanni, in an gama aikin gona mata su zauna saƙar faifai. Muna nan a haka sai mutanen Zarkanda, babbar daular gabas, suka horar da wasu jiminu masu girman giwa, waɗanda ke cinye tafiyar wata guda a yini ɗaya da kaya a bayansu. Nan da nan duniya ta tsuke. Gishirin da a da sai gidan sarauta, ya zamana har awaki ana ba su suna lasa.

Daga nan Zarkanda da kishiyarta a mulki, daular Murjana ta yamma, suka tara ƙasashe arba'in aka ƙulla abin da aka kira Alkawarin Tabarma Ɗaya. Kowace ƙaramar ƙasa za ta riƙe sana'a guda tak, wadda ta fi kowa iyawa, sauran bukatunta kuwa jimina ta kawo mata. Aka turo mana masana suka yi kwana uku. Suka ci tuwonmu suka ce ba laifi, amma Zarkanda ta fi mu gonaki. Suka ɗaga faifanmu suka juya shi, suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Shi ke nan, muka zama ƙasar faifai, duk tukunyar da ke ƙasashe arba'in da namu ake rufe ta.

Ranar da aka sa hannu aka yi walima. Tun da an daina noma, sai aka sauko da damman iri daga rumbuna, aka sussuke, aka daka, aka dama fura ga baƙi. Mahaifina Korau ya tsaya a bakin rumbunsa ya ce ba mai taɓa nasa, sai da Magajiya Ladingo, mai mulkin ƙasarmu, ta aiko cewa kada ya kunyata mu gaban manya. Ya koma gefe ya zauna. Ni kuwa ƙwarya biyu na sha, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, furar ta yi daɗi.

Shekara goma sha ɗaya muna cin hatsin da ba mu san gonarsa ba. Hannayenmu suka yi laushi, muka yi ƙiba, muka riƙa yi wa tsofaffi dariya in sun ɗaga kai suna duban hadari. Sai wata rana ayarin Zarkanda da na Murjana suka yi kiciɓis a wani matsattsen mashigi tsakanin duwatsu, aka rasa wanda zai ja da baya. Kafin wata ya mutu kowace daula ta yi shela cewa duk ƙasar da ke ciniki da ɗayar, ta rufe mata hanya. Mu da faifanmu ke kan tukwanen duka biyun, sai duka biyun suka rufe mana.

Wata huɗu ba jimina ko ɗaya. Muka cinye dusa, muka koma ganyen kuka, muka fara binne yara. Magajiya ta tara dattawa, aka kira mahaifina, tun da shi kaɗai ya rage wanda bai manta noma ba.

Ta ce, "Korau, in an sami iri, akwai abin da za a iya?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, saura kwana arba'in ruwa ya sauka, na ga alamarsa a jikin itatuwa. A ba ni mudu goma kafin nan, in Allah ya yarda ƙasar nan ba za ta sake roƙon iri ba. In ruwan shuka ya wuce, sai baɗi, kuma ban san su wa za a tarar baɗi ba."

Aka yanke shawarar tura jakada Majalisar Tabarma, inda wakilan ƙasashe arba'in ke zama. Aka zaɓe ni, ga kuwa dalili. A Tudun Maiwa, in mutum ya gaishe ka gaisuwa cikakkiya, ya tambayi lafiyarka da ta iyalinka da ta dabbobinka, kai kuma ka amsa, to duk abin da ya roƙa bayan nan ba ka da bakin hana shi. Ni kuwa duk ƙasar ba wanda ya kai ni iya gaisuwa. Ni ake turawa neman aure, ni ake turawa biko, ban taɓa dawowa hannu biyu ba. Magajiya ta ce, "Ka gaishe su yadda ka saba, Nomau. Mutane ne, za su ji kunya."

Da zan tafi na tarar da mahaifina a zaure yana wasa sunguminsa da dutse, tsatsar shekara goma sha ɗaya na zuba. Ya ce, "Je ka. Ni zan share gona."

Na ce, "Baba, da wane ƙarfi?"

Ya ce, "Da wanda ya rage."

Na hau jakina na nufi gabas. Kwana goma ina tafiya na isa ƙasar masu allura. Ban taɓa ganin abin tausayi mai ban dariya irin wannan ba. Allura ce jibge a kasuwa kamar yashi, amma zare daga wata ƙasa yake zuwa, shi ma an rufe masa hanya. Attajiransu na yawo riguna a yage, sun maƙale su da ƙaya. A bakin iyaka wani dogari ya gindaya mini sanda ya ce, "Kai na wa ne, Zarkanda ko Murjana? Ka faɗi daidai ka wuce, ka kuskure ka kwana a ɗaure." Na dubi hularsa, ja ce irin ta Zarkanda, amma shuɗin Murjana na leƙowa daga cikinta, alamar juya ta ake yi gwargwadon wanda ya iso. Na ce, "Yallaɓai, ni na wanda hularka ke wa aiki yau ne, gobe in ka juya ta ni ma na juya." Ya dube ni, ya gyara hular, ya janye sandarsa.

Kwana biyu gaba na iso filin daga. Rundunar Zarkanda a gabas, ta Murjana a yamma, tutoci sun rufe rana, ana kaɗa ganguna, amma ko ƙuda ba a kashe ba. A tsakiyarsu kuwa kasuwa ce ke ci. Nan na haɗu da Tasalla, wata dillaliya kakkaura daga ƙasar Tsakaniya, tana zaune kan buhu tana ba ma'aikata umarni. Na gaishe ta, ta amsa rabi ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, rana na tafiya. Na tambaye ta me ya hana yaƙin.

Ta ce, "Ɗan'uwa, baka a Zarkanda ake yi, kibiya a Murjana, tsarkiya kuwa a wata ƙasa can kudu. Waɗannan na da baka ba kibiya, waɗancan na da kibiya ba baka. Ni ce nake sayo kibau a yamma, in sauya musu buhu su zama na Tsakaniya, in kai gabas. Baka ma haka. Da zarar wani ya kusa haɗa kayan harbi, sai in ce tsarkiya ta yanke."

Na ce, "To ashe hanya ba a rufe take ba."

Ta ce, "A rufe take mana, ga wanda ba a jin tsoronsa. Gishirin Murjana bai fasa shiga miyar sarkin Zarkanda ba ko yini ɗaya. Ku me kuke yi?"

Na ce, "Faifai."

Ta ce, "Allah sarki. Ai in babu faifai, da tsumma ma a rufe tukunya."

Na roƙe ta ta sauya wa gero buhu ta ba ni. Ta ce wannan kam ba ta iya ba, hatsi shi ne abin da Zarkanda ke riƙe wuyan duniya da shi, ƙwaya ɗaya aka kama a kayanka hannu ake yankewa. Amma ta ji tausayina, ta sa aka tsare mini jaki, ta ɗauke ni a jiminarta zuwa Birnin Tabarma. Na rungume wuyan tsuntsuwar nan idona a rufe, iska na neman cire mini kunnuwa, ina ta karanta duk addu'ar da na sani. Kafin la'asar mun tsallake ƙasashe shida.

Zauren Majalisa ya fi garinmu faɗi. Tabarma ɗaya ce shimfiɗe daga bango zuwa bango, don a nuna duk ɗaya ake. Sai dai tsakiyarta an ninka ta da kilishi har ya kai gwiwa, nan wakilan manyan dauloli ke zama, gefe kuwa ta cinye har ana ganin ƙasa, nan aka nuna mini. A gaban shugaban zaure akwai kwatarniya cike da ruwa. Duk wanda zai yi magana, sai a ɗora masa ƙwarya mai huji a kan ruwan, in ta nutse ya yi shiru. Girman ƙwaryarka gwargwadon yawan ayarinka. Ta Zarkanda masaki ne, mutum biyu ke ɗauko shi. Da aka kira Tudun Maiwa sai na ga an ɗauko ludayi.

Ban damu ba, don ban gane ba. Na miƙe, na gyara riga, na durƙusa, na yi sallama. Na fuskanci wakilin Zarkanda na ce, "Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya yara, yaya mutan gida? Yaya muka ji da haƙurin wannan rikici? Dabbobi suna lafiya?" Bai ɗago kai ba. Na ce a raina babba ne, nauyin baki gare shi. Na juya ga na Murjana na maimaita, don kada ya ce an fifita wani. Ina cikin tambayar wakili na uku lafiyar surukansa sai na ji an buga ƙararrawa. Ludayi ya nutse.

Shugaban zaure ya ce, "Magatakarda, me Tudun Maiwa ta kawo?"

Magatakarda ya duba takardarsa ya ce, "Ta gai da kowa, ba ta da wani kuka."

Aka yi tafi. Wakilin Zarkanda ya ɗago kai a karo na farko ya ce a wannan lokaci na tsanani, abin koyi ne a sami ƙasar da ba ta ƙorafi. Na Murjana ya ce shi ya riga shi lura da haka. Kafin in buɗe baki an yafa mini alkyabba mai zinariya, an sa mini suna Jakadan Wadar Zuci. Na fito daga zauren nan sanye da ita, na sami bayan wani gini na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Kwana goma sha biyar sun tafi, kuma sai bayan kwana goma za a sake zama.

Ban zauna ba. Na bi wakilan ƙananan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, masu allura, masu zare, masu igiyar guga, na ce mu haɗa ludayanmu mu yi magana ɗaya mai tsawo, kowa ya ɗora daga inda ɗan'uwansa ya tsaya. Mutum goma sha tara suka rantse. Labari ya kai kunnen manya. Kafin kwana uku na riƙa gamuwa da su a hanya cikin sababbin riguna, wasu ja wasu shuɗi, kowa in ya hango ni sai ya tuna yana da uzuri a wani lungu.

Tasalla ta ce, "Rabu da su. Kai dai koyi magana irin ta nan. Ka miƙe ka faɗi abin da kake so, ba sallama, ba ina kwana."

Na ce, "Yaya Tasalla, in tunkari manya ba gaisuwa? Ai sai a ce ba a haife ni a gida ba."

Ta ce, "To koma ka gaya wa tsohonka ka riƙe mutuncinka."

Ta tsayar da ni gaban wani turmi ta ce in roƙe shi gero. Wallahi sau bakwai ina buɗe baki ina jin "barka da hutawa" na fitowa da kansa. Sai da muka yi kwana huɗu kafin na iya yi wa turmin nan rashin kunya.

Ranar zama ta zo, aka ɗora ludayi. Na miƙe na ce, "Mun cinye irinmu a kan alkawarinku. Yaranmu na mutuwa. Saura kwana goma sha biyar ruwa ya sauka. Ku ba mu gero mudu goma." Na zauna. Ludayin ma bai yi rabi ba.

Sai wakilin Zarkanda ya ɗan karkata ya tambayi na kusa da shi inda Tudun Maiwa take, sannan ya miƙe aka ɗora masa masaki. Tun hantsi har azahar yana bayanin irin ƙaunar da daularsa ke yi mana tun fil azal, da yadda Murjana ta jefa mu cikin yunwa. Na Murjana ya karɓa daga azahar zuwa la'asar, ya ce yunwarmu babbar shaida ce a kan zaluncin Zarkanda, don haka bai kamata a taɓa ta ba sai an gama bincike. Aka kafa kwamiti na mutum goma sha biyu da zai ziyarce mu bayan damina, in hanya ta bushe. A bakin ƙofa wani bafade ya tare ni ya karɓe alkyabbar.

Na tafi bargar jiminu in yi wa Tasalla sallama, ban san ma me zan je in ce a gida ba. Ina shiga na tsaya cak. Tsuntsaye ɗari uku ne jere, kowace da kwami a gabanta, cike da gero tsaba, mai kyau, wanda ba a surfa ba. Suna ci suna watsarwa, suna takawa, suna kashi a kai, masu shara na tattarawa suna kaiwa juji. Na tsuguna na ɗebi sharar nan na murza a tafin hannu. Ƙwaya bakwai na ƙirga.

Na ce, "Yaya Tasalla, dokar nan ta hana hatsi fita. Taki fa?"

Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce, "Wa zai zauna ya rubuta doka a kan kashi?"

Sarkin barga ya yi murna da ya sami wawan da zai yi masa shara kyauta. Kwana uku ina sharewa, kuma ban share ko'ina ba sai gindin kwami. Na shanya, na cika buhu huɗu, na sa ɗanye a bakin kowane buhu. Tasalla ta ɗora ni da kayana a jiminarta har filin daga, tana toshe hanci tana tsine wa ranar da ta san ni. A shingen Zarkanda wani jarumi ya kwance buhu ɗaya, ya ja da baya da sauri, ya tambaye ni me zan yi da wannan. Na ce a ƙasarmu tabarruki muke yi da duk abin da ya fito daga Zarkanda. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka rubuta a kai wa sarki labari. A shingen Murjana na ce shaida ce zan kai gida, mutane su ga iyakar abin da Zarkanda ke ba talakawa. Su ma suka ji daɗi, suka ƙara mini da guzurin dabino.

Na ɗora wa jaki kaya na bi shi a ƙasa. Ina kwana uku da gida na ga hadari ya haɗu a yamma, baƙi ƙirin, daidai kan ƙasarmu. Ban ƙara tsayawa hutu ba. Na shiga Tudun Maiwa rana ta arba'in da huɗu, ƙafafuna a fashe, ƙasa na ƙanshin ruwa, maƙabarta kuwa ta ƙara faɗi.

Aka zazzage buhunan a ƙofar fada, duk gari aka zauna ana tsinta da yatsu, har Magajiya. Aka sami mudu uku da rabi. Da aka tara shi a ƙwarya ɗaya sai duk idanu suka koma kanta, don mutanen nan sun yi wata biyar ba su ga hatsi ba. Maƙwabciyarmu Kuluwa ta matso da 'yarta a kafaɗa, yarinyar ko kai ba ta iya ɗagawa. Ta ce, "Baba Korau, tafi ɗaya kawai, in yi mata kunu."

Mahaifina ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya dubi yarinyar ya daɗe, sannan ya ce, "Kuluwa, tafi ɗaya kunya goma ce a gona. In na ba ki, da wane ido zan hana na bayanki? Ki riƙa zuwa kina karɓar rabona na ganye." Ya ɗauki ƙwaryar ya rungume ya nufi gona. A ranar na ji haushinsa, na kuma ji tsoronsa, ban taɓa ganin abu mai wuya irin wannan tafiya tasa ba.

Ya share gonar kamar yadda ya ce, shi kaɗai. Amma sara uku ya yi da sungumi ya zube. Ya miƙo mini ya ce, "Taki ɗaya, sara ɗaya. Kada ka zurfafa." Ina sara, mata na bina suna jefa ƙwaya suna rufewa da diddige, shi yana zaune a gindin kalgo yana yi mana faɗa. Muka watsa takin a kai. Kwana huɗu gero ya tsiro. Ruwa ya kawo tafasa da rama, muka lallaɓa da su, 'yar Kuluwa ma ta tashi.

Bayan wata biyu sai ga jiminu sun dawo da hatsi. Manya sun shirya. Sun zauna sun gano cewa ba laifin kowa a cikinsu, laifin ƙananan ƙasashe ne da suka riƙa karya Alkawari a ɓoye. Aka ƙara doka: duk ƙasar da aka kama tana sana'ar da ba tata ba, a ƙone abin, a rufe mata hanya shekara bakwai. Ba a yi mako ba wani ya kai tsegumi cewa Tudun Maiwa na noma.

Aka turo mai bincike, wani siririn mutum mai suna Sambali daga ƙasar masu hatimi, da dakaru goma riƙe da itacen wuta. Magajiya ta rasa abin yi, ta sa ni in raka su. Lokacin gero ya wuce kan mutum, ya fitar da kai, ƙwaya ba ta nuna ba tukuna. Na shige gaba, suka biyo ni. Muka shiga tsakiyar gonar, ganye na shafar fuskar Sambali yana turewa, har muka iske mahaifina zaune a gindin kalgonsa.

Sambali ya ce, "Tsoho, an ce a nan kuke yin gero. Ina yake?"

Mahaifina ya ce, "Yallaɓai, kai da ka zo nema, yaya kamanninsa?"

Sambali ya yi tsaki ya ce, "Kada ka raina mini hankali. Shekara talatin ina buga wa gero hatimi. A buhu yake zuwa, ɗinke da jan zare."

Mahaifina ya ce, "To bismilla, ka duba ko'ina. In ka ga inda buhu ya tsiro ko guda ɗaya, ni da kaina zan sa masa wuta."

Suka bazu cikin gonar. Suka duba gindin kowane kara, suka tona kunya biyu, suka leƙa saman kalgo. A cikin dakarun akwai wani mai furfura, na ga ya kama zangarniya ɗaya ya shafa ta a hankali da babban yatsa, irin shafar wanda ya san abin. Ya dubi mahaifina, mahaifina ya dube shi. Sai ya saki, ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ba komai sai ciyawa."

Sambali ya share gumi ya ce lallai ƙasar nan akwai ƙazanta, a ce ciyawa ta fi mutum tsawo ba mai nomewa. Ya zauna a inuwar geron ya rubuta cewa ya bincika da idonsa, babu gona a Tudun Maiwa, babu manomi, babu ƙwayar gero ko ɗaya da ba jimina ce ta kawo ta ba. Ya buga hatimi uku, suka hau suka tafi.

Da ƙurarsu ta kwanta na zauna kusa da mahaifina, muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Nomau, in an zo girbi, ka fara bi ka zaɓi dogayen zangarnu masu cika. Waɗannan ba na tukunya ba ne, ko wa ya zo, ko wace irin walima ake." Na ce ai yana nan, shi zai zaɓa.

Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ji ya riƙe na riƙewa. Mun yi girbi a ƙarshen wannan wata, dami sittin da biyu, na ware goma sha biyu na ɗaure da hannuna. Mahaifina bai ɗanɗana ko loma ɗaya ba, ya cika saura kwana tara a sa wa geron wuƙa. Muka binne shi a gefen gonar da Majalisa ta tabbatar babu ita.